Abin da mangwaron Arewa zai koya daga tuffar Ingila

A ƙauyuka da unguwannin bayan gari na Ingila, daga ƙarshen watan Agusta zuwa Oktoba, an saba ganin kwali ko bokiti cike da tuffa a ƙofar gida, da 'yar takarda a jiki cewa duk mai so ya ɗiba kyauta.

Tuffar ba irin mai sheƙin nan ba ce da ake jerawa a kantuna. Wata ta ƙuje, wata tsutsa ta huda ta, wata kuma gefenta ya yi laushi saboda bugun ƙasa. Iska ce ta kaɗo su cikin dare, mai gida ya tsince da safe, ya ga sun fi ƙarfin tukunyarsa.

Mutanen Ingila suna kiran irin wannan tuffa windfall, wato abin da iska ta kaɗo. Da wannan kalma kuma suke kiran duk wata riba da ta zo wa mutum ba zato ba tsammani, abin da Bahaushe ke cewa tsuntsu daga sama gasasshe.

Kwalin nan yana samun masu ɗiba ne saboda dalili guda: duk wanda ya ɗiba ya san abin da zai yi da tuffar idan ya isa gida. Akwai girke-girken da suka dace da tuffa mai tabo, kuma an gaje su kaka da kakanni.

'Ya'yan itacen da girki ke jiransu a kicin ba kasafai suke ruɓewa a gindin bishiya ba. Waɗanda ba su da shi kuwa, ko da ana yunwa a garin, ƙudaje ne ke cinye su. Wannan magana ta shafi mangwaron da ke zuba a Arewacin Najeriya duk bazara, ta kuma shafi ragowar abincin da ake kwararewa a bola bayan kowane biki.

Tuffar da aka yi domin tukunya

Tuffar da aka tsinko da hannu daga reshe tana iya yin watanni a ajiye a wuri mai sanyi. Wadda ta faɗo kuwa ba ta ajiyuwa, domin wurin da ta bugu nan ne ƙofar ruɓa. Idan aka haɗa ta da masu lafiya, sai ta ja su, kamar yadda wake ɗaya ke ɓata gari. Saboda haka maganinta ɗaya ne: a yanke inda ya lalace, a dafa sauran a cikin 'yan kwanaki.

Ingila ta yi sa'ar samun irin tuffa da ba ta da aiki sai dahuwa, sunanta Bramley. Tana da girma, koriya ce, kuma tsaminta ya sa ba a jin daɗin cin ta ɗanya. Amma da ta ji wuta sai ta narke ta yi laushi, tsamin nan ya haɗu da sukari ya ba da ɗanɗano.

Asalinta daga ƙwayar da wata yarinya, Mary Ann Brailsford, ta shuka a gidansu da ke garin Southwell a shekarar 1809. Daga baya wani mahauci mai suna Matthew Bramley ya sayi gidan a 1846. Shekara goma bayan haka wani matashi mai sana'ar renon itatuwa, Henry Merryweather, ya nemi izinin yankar reshe domin ya yaɗa irin, mahaucin ya yarda da sharaɗin a sa wa tuffar sunansa. Duk wata bishiyar Bramley da ke duniya a yau daga waccan guda ɗayar ta samo asali.

Hatta tuffar da ta fi kowace suna a tarihi, wadda aka ce faɗuwarta ce ta sa Isaac Newton tunani a kan ƙarfin da ke jan abubuwa zuwa ƙasa, daga irin tuffar dahuwa ce da ake kira Flower of Kent.

Bishiyar Bramley guda ɗaya da ta girma tana iya ba da abin da gida ɗaya ba zai iya cinyewa ba. Wannan yawan ne ya tilasta wa matan Ingila neman dabaru, kuma dabarun suka zama abincin gargajiya.

Yaƙi ne ya koya musu

Girkin da ya fi shahara shi ne crumble. Ana feraye tuffa kamar kilo ɗaya, a yayyanka, a zuba a kwanon gashi da ɗan sukari da kirfa. Sai a murza fulawa giram 200 da bota giram 100 da sukari giram 100 da yatsu har su yi wara-wara kamar dambu, a barbaɗa a sama, a gasa na minti 35 zuwa 40. Babu kwaɓi, babu murji, babu ƙwai, kuma ba wanda zai gane cewa tuffar da ke ƙasa ta taɓa yin tabo.

Wannan girki ya bazu ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Janairun 1940 gwamnatin Birtaniya ta fara ƙayyade sukari da bota da kowane mutum zai iya saya a mako, kuma ba a saki sukari ba sai 1953. Kayan da ake buƙata domin yin ɓawon fulawa mai kauri suka yi wuya, sai aka koma ga barbaɗe, wanda ba ya cin kaya da yawa.

A shekarar 1940 ɗin ce kuma aka kafa dokar da ta mai da ɓarnatar da abinci laifin da ake gurfanar da mutum a kansa. Ƙungiyar matan karkara ta Women's Institute ta buɗe cibiyoyi a ƙauyuka, gwamnati ta samar da sukari, mata suka riƙa tattara 'ya'yan itacen da suka yi yawa suna dafa su zuwa jam ko su zuba a gwangwani. Daga 1940 zuwa 1945 sun ceto fiye da tan 5,300 na 'ya'yan itace da da ruɓewa za su yi.

Akwai kuma girke-girken da ke jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya. A girkin da ake kira charlotte, ana shafa wa burodin da ya kwana bota, a jera shi a jikin kwano, a cika tsakiya da dafaffiyar tuffa, a gasa. Mutanen kudancin Jamus suna da irinsa da suke kira Ofenschlupfer, inda ake jiƙa tsohon burodi da madara da ƙwai a haɗa da tuffa. Faransawa kuwa burodin da ya bushe suke tsomawa a ƙwai da madara su soya, suna ce masa pain perdu, ma'ana burodin da aka yi asara.

Haka ma ragowar dankali da kabejin da aka ci ranar Lahadi a Ingila, soya su ake yi tare ranar Litinin, kuma abincin yana da sunansa, bubble and squeak. Abin lura shi ne duk waɗannan ragowar an raɗa musu suna, an ba su matsayi, har gidajen abinci masu tsada na sayar da su. Wanda ya ci ba ya jin cewa saura aka ba shi.

Su ma sun manta, sai da aka tuna musu

Ba a nufin cewa Ingila ta gama da matsalar. Da wadata ta zo, manyan kantuna suka saba wa mutane da tuffa mai girma ɗaya da launi ɗaya, mafi yawanta daga ƙasashen waje. An sare fiye da rabin gonakin itatuwan marmari na Ingila da Wales idan aka kwatanta da farkon ƙarni na 20. A gidaje da yawa tuffa na ruɓewa a bayan gida alhali mai gidan yana sayen wata a kanti. Ƙididdigar ƙungiyar WRAP ta nuna gidajen Birtaniya na zubar da abinci da abin sha da ya kai kimanin tan miliyan 6 a shekara.

Abin koyi shi ne matakin da aka ɗauka da aka lura da hakan. A ranar 21 ga Oktoban 1990 ƙungiyar Common Ground ta fara bikin Ranar Tuffa a Landan, kuma yanzu garuruwa da dama na yin nasu, inda mutane ke kawo rarar tuffarsu a matse musu ruwanta. A birnin Sheffield, tun 2007 wasu 'yan sa-kai a ƙarƙashin shirin Abundance ke bi gida-gida suna tsinke itatuwan da masu su ba za su iya ba, su bar wa mai gida kasonsa, su rarraba sauran.

A Jamus wata dabara aka ɓullo da ita mai sauƙin gaske. Mai bishiya yana ɗaura mata ƙyalle mai ruwan ɗorawa, alamar cewa kowa na iya tsinka ba sai ya nemi izini ba. Ƙyallen nan ya raba mai tsinka da zargin sata, ya kuma raba mai bishiya da asara. A yankunan karkararsu kuma akwai masu injin matsa, mutum ya kai buhunan tuffa ya karɓi kwalaben ruwanta.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya buƙaci masana'antar biliyoyi. Tsari ne kawai na haɗa wanda abin ya yi masa yawa da wanda ke so, kafin rana ta yi aikinta.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage

A ƙasar Hausa tuffa kayan marmarin masu hali ce. Mafi yawanta daga waje ake shigo da ita, musamman Afirka ta Kudu, kuma ba wanda ke barin ta ta faɗi ƙasa. Abin da ya yi daidai da tuffar Ingila a nan shi ne mangwaro.

Idan ana maganar tattalin ragowar abinci, Bahaushe ba ya buƙatar malami. Tuwon dare ya zama ɗumamen safe, kuma akwai masu cewa ya fi sabo daɗi. Ƙanzon da ya kama a gindin tukunya ana kankare shi a shanya, wata rana a jiƙa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir. Naman layya da ya yi yawa a soya shi ya yi watanni, ko a yi dambu, ko kilishi. Tumatir ya zama kauɗa, kuɓewa a yanka a shanya, kuka da kalkashi a daka su a ajiye.

'Ya'yan itatuwan daji ma an san yadda ake yi da su. Ana curin tsamiya ta shekara, ana dafa ɗinya a yi maɗi da alewa, ana ajiye magarya da goruba da aduwa a bushe, kalwar ɗorawa ta zama daddawa.

Mangwaro ne aka bari a baya. Asalinsa daga yankin Indiya yake, ya zo ya tarar da kakanni sun riga sun gama tsara kicin ɗinsu, don haka bai samu girkinsa ba. Abin da aka sani game da shi kawai a sha. Mutum kuwa komai son mangwaronsa, guda nawa zai sha a rana?

Sakamakon a bayyane yake. Daga Maris zuwa Yuni, Binta siga da paparanda da sauran ire-irensu kan nuna kusan lokaci guda a Binuwai da Neja da Nasarawa da Kaduna da Bauchi. Farashi ya faɗi warwas, har wani lokaci kuɗin mota ya fi kuɗin kayan. Duk wanda ya shiga kasuwar 'Yan Lemo da ke Kano a tsakiyar kakar mangwaro, hancinsa zai gaya masa yawan abin da bai kai ga mai saye ba. Bayan wata uku kuma a nemi mangwaro a rasa, a koma sayen lemon kwali.

Wannan na faruwa ne a ƙasar da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, kuma ƙarancin sinadarin bitamin A ke damun ƙananan yara, alhali nunannen mangwaro na ɗauke da abin da jiki ke haɗa wannan sinadari da shi.

Wanda aka bari a ƙasa yana cin na baɗi

Wani zai ce mangwaron da ya faɗo ba asara ba ne, ai yara na tsinta, awaki na ci, sauran ya zama taki. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba.

Akwai wani ƙudan 'ya'yan itace ɗan asalin Asiya da aka fara gani a Afirka a ƙasar Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru kuma ya mamaye Afirka ta Yamma. Macen tana huda mangwaro ta saka ƙwai, tsutsa ta ƙyanƙyashe a ciki, mangwaron ya faɗo. Daga nan tsutsar ta fita ta shige ƙasa, ta rikiɗe ta fito a matsayin sabon ƙuda, ta hau kan waɗanda suka rage a reshe.

Ke nan duk mangwaron da aka bari a gindin bishiya ɗakin haihuwa ne ga ƙwaron da zai lalata na gobe. Shi ya sa malaman gona ke cewa a riƙa tsincewa a kai a kai. Wanda ya ruɓe a binne shi a rami mai zurfin aƙalla rabin mita, ko a ɗaure a baƙar leda a ajiye a rana har zafi ya kashe tsutsar. Masu lambun tuffa a Turai ma saboda irin wannan dalili suke tsince tasu, domin ita ma tana da tata tsutsar.

Saboda haka tsintar abin da ya faɗo riba biyu ce: mai kyau ya shiga tukunya, maras kyau ya daina yaɗa cuta.

Ina kuɗin fulawa da bota?

Wannan ce tambaya mafi nauyi, kuma tana kan hanya. Gidan da ke lissafin kwanon masara ba zai sayi fulawa da bota da sukari da gas domin ceton mangwaron da ba shi da daraja a kasuwa ba. Idan kuɗin ceto ya fi abin da ake ceton, an yi ba a yi ba.

Amsar ita ce ba kwanon gashin Bature ake so a kwaikwaya ba, tunaninsa ake so. Shi yana da sanyi da obin, don haka ya gasa. Ƙasar Hausa tana da abin da Ingila ba ta da shi, wato rana. Mangwaro na nuna ne daidai lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, kafin damina ta kankama.

Burkina Faso, wadda yanayinta bai bambanta da na Arewa sosai ba, ta mai da busasshen mangwaro haja da take fitarwa Turai. A yankunan Bobo-Dioulasso da Orodara da Banfora akwai ƙananan wuraren busarwa da dama, kuma mata ne mafi yawan ma'aikatansu.

A Indiya, ɗanyen mangwaro ana yanka shi a shanya a daka, garin ya zama kayan tsami na miya da suke kira amchur. Nunannen kuma a tace ruwansa mai kauri, a shimfiɗa a faranti a rana, idan ya bushe a ƙara wani a kai, har ya zama kamar fata mai zaƙi da ake yankawa a ajiye, sunansa aam papad. Babu fulawa, babu wuta.

Duk waɗannan za su yiwu a tsakar gida. Iskar farkon damina da ke kaɗo ɗanyen mangwaro ta samar da abin da zai iya maye gurbin tsamiya a wasu girke-girke. Wanda ya nuna amma bai yi luguf ba, a wanke, a feraye, a yanka siri-siri, a shanya a kan faranti mai tsabta a saman wani abu, a rufe da raga saboda ƙuda da ƙura. Idan ya bushe har yana lanƙwasuwa ba tare da danshi ba, a zuba a kwalba ko roba mai murfi.

Mai halin gashi kuma ba sai ta mallaki obin ba. Matan Arewa sun daɗe suna gasa kek a tukunya da yashi ko tsakuwa a ƙasa, da gwangwanayen madara. Wannan tukunyar za ta gasa mangwaro da barbaɗen fulawa a sama, ko burodin jiya da aka jiƙa da madara aka haɗa da mangwaro ko ayabar da ta yi baƙi. Masu sana'ar kek da cincin da ke talla a WhatsApp da Instagram suna da kayan haɗi mafi araha a shekara zube a ƙofar gida na tsawon wata uku.

Inda tattali ke zama ganganci

Tattali yana da iyaka, kuma iyakarsa lafiya ce. Tuffar da ta yi funfuna tana iya ɗauke da wata guba mai suna patulin, wadda dahuwa ba ta kashe ta. Shi ya sa ƙa'idar ita ce: ƙujewa da ɗan tabo a yanke da faɗi a yi amfani da sauran, wadda ruɓa ta ci ko ta yi funfuna a yar da ita baki ɗaya. Wannan ƙa'ida ta dace da mangwaro da gwaba da tumatir. Ruɓaɓɓen tumatir da ake saye da araha a zuba a miya ba tattali ba ne, bashi ne da jiki zai biya.

Abin da ya taɓa ƙasa, musamman inda dabbobi ke yawo, sai an wanke shi sosai, kuma ya fi kyau a dafa. A 1996 a Amurka, ruwan tuffar da ba a dafa ba ya kwantar da mutum fiye da 60 sakamakon ƙwayar cutar E. coli, wata ƙaramar yarinya ta rasu. Gudawar da iyaye ke ɗora wa mangwaro a kakarsa, sau da yawa laifin ƙuda ne da rashin wanki.

Dafaffen abinci ma yana da nasa sharaɗin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a bar shi fiye da awa biyu a zafin ɗaki, kuma idan za a ɗumama a tabbatar ya yi zafi har ciki. Shinkafa ta fi buƙatar kula, domin akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa, ta saki guba idan shinkafar ta daɗe a ajiye da ɗumi, kuma sake ɗumamawa ba ya kawar da gubar. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, firij ba abin dogaro ba ne, don haka hanya mafi aminci ita ce a dafa daidai ciki, abin da ya rage kuma a fitar da shi da wuri.

Kyautar da ta yi tsami ba kyauta ba ce

A nan ne maganar ta fi zafi. A gidaje da yawa ragowar abinci ba ta fita sai ta fara canja wari, sannan a kira almajiri ko mai wanke-wanke a miƙa masa. Wannan zubar da shara ne aka sauya wa suna. Mai kwalin tuffa a Ingila yana fitar da ita ne ranar da ta faɗo, lokacin da shi ma zai iya ci.

A wuraren biki da suna da walima, ana cika faranti da abin da mutum biyu ba za su cinye ba, saboda gudun a ce an yi rowa. A ci rabi, a jagwalgwala rabi, a tattara a zuba a bola. Da an zuba kaɗan an bar mai so ya ƙara, abin da ya rage a tukunya zai fita da tsabtarsa zuwa gidajen maƙwabta da asibiti da makarantar allo tun yana da zafi.

Addinin Musulunci ya yi hani da almubazzaranci, har akwai koyarwar cewa lomar da ta faɗi a ɗauka a share a ci. Amma ana jin wa'azin a masallaci, a fito a tafi biki a bar rabin faranti.

Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a duniya, kuma kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito, a daidai lokacin da mutum miliyan 783 ke fama da yunwa. Rahoton ya kuma nuna ɓarnar ba ta ƙasashe masu arziki kaɗai ba ce, kuma ƙasashe masu zafi na zubar da abinci da yawa saboda saurin lalacewa.

Abin da ya kamata a yi kafin kaka mai zuwa

Gwamnatocin jihohi sun saba alƙawarin kafa kamfanin sarrafa 'ya'yan itace. Ko an kafa, kamfani ba ya sayen mangwaro mai tabo daga bishiya biyu da ke tsakar gida. Wannan kason aikin gida ne da unguwa.

Cibiyar binciken adana amfanin gona ta NSPRI, mai hedikwata a Ilori da reshe a Kano, ta ƙera na'urorin busarwa masu amfani da hasken rana. Wurinsu shi ne cibiyoyin mata da ƙungiyoyin manoma a ƙananan hukumomin da mangwaro ke zuba, a kai su a watan Fabrairu, a koyar kafin a fara tsinka. Arewa ta taɓa nuna cewa dabara mai araha na aiki, lokacin da Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi domin sanyaya kayan lambu, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000.

Masu shirye-shiryen girki a rediyo da talabijin, da masu koyarwa a TikTok da Facebook, su ware makonnin kakar mangwaro domin abin da ke zube a ƙasa, maimakon girkin da sai an je babban kanti neman kayansa. Malaman darasin tattalin gida a makarantun 'yan mata su sa shanyar mangwaro a aikin aji.

Masu unguwanni da limamai kuma za su iya yin abin da ƙyallen Jamusawa ke yi. Bishiyoyin makarantu da asibitoci da gidajen gwamnati da na masu hali, a sanar da ranar tsinka, matasa su hau, a raba, a tsince ƙasa. Hakan ya fi yara su riƙa jifa da duwatsu suna fasa gilasai, mai gadi na bin su da bulala, alhali mangwaron na ruɓewa a cikin katanga.

Abu na ƙarshe shi ne suna. Ƙanzo ya tsira daga bola ne saboda wata ta jiƙa shi ta yi kwaɗo, aka ci aka yaba, aka raɗa masa suna. Mangwaron da iska ta kaɗo yana jiran wadda za ta yi masa irin wannan gatan, kuma bishiyoyin za su sake cika a watan Maris ko an shirya ko ba a shirya ba.